Dokokin zubar da ciki a jihohin Amurka da ra'ayin masu zaɓe: tambayoyi da amsoshi

Wa ke da ikon yin doka kan zubar da ciki a Amurka, tarayya ko jihohi?

Tun daga 24 ga Yuni 2022, jihohi ne. A ranar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga dokar da jihar Mississippi ta yi a 2018 ta hana zubar da ciki bayan mako 15. Alƙalai shida cikin tara suka ce dokar ta zauna daram. Biyar daga cikinsu ba su tsaya nan ba, suka soke hukuncin Roe da Wade na 1973 gaba ɗaya.

Kafin nan hannun jihohi a ɗaure yake. Hukuncin 1973, da gyaran da aka yi masa a shari'ar Casey a 1992, sun bar wa jiha damar gindaya sharuɗɗa, irin su jiran sa'a 24 ko neman izinin iyaye ga yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, amma ba ta da ikon haramtawa kafin ɗan tayi ya kai matsayin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa, wato wajen mako 24.

Majalisar tarayya na iya yin doka guda ga ƙasar baki ɗaya, sai dai a Majalisar Dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, kuma babu ɓangaren da ya kusa. Ƙudurin 'yan Democrat na kare damar zubar da ciki ya faɗi sau biyu a 2022. Na Sanata Lindsey Graham mai hanawa bayan mako 15 ko ƙuri'a ba a kai ga kaɗa masa ba.

Yaya taswirar take a farkon 2025?

A farkon 2025 jihohi 12 ne suka haramta kusan kwata-kwata: Alabama, Arkansas, Idaho, Indiana, Kentucky, Louisiana, Mississippi, Oklahoma, South Dakota, Tennessee, Texas da West Virginia. Florida, Georgia, Iowa da South Carolina sun tsaya a mako shida. Nebraska da North Carolina mako 12, Utah mako 18. Yawancin sauran sun bar shi zuwa wajen mako 24, wasu ƙalilan irin su Colorado, Oregon, New Mexico da Vermont ba su sa iyakar mako ba.

Wannan lissafi ba ya daɗewa bai motsa ba. Hukuncin kotu guda na iya fitar da jiha daga wannan rukuni ya jefa ta wancan, kuma an ga haka a Missouri da North Dakota da Wyoming.

Da aka ce mako shida, daga yaushe ake fara ƙirga?

Daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, ba daga ranar da ciki ya shiga ba. Macen da al'adarta ke zuwa duk kwana 28, ranar da ta lura da ɓatan wata ciki ya riga ya kai mako huɗu a lissafin likita. Saura mako biyu ke nan ta yi gwaji, ta yanke shawara, ta sami gurbi a asibiti. A Florida sai ta je da kanta sau biyu, da tazarar sa'a 24 tsakani. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci sau da yawa wa'adin na wucewa ba ta ma san tana da ciki ba. Shi ya sa masu bin lamarin ke sa dokar mako shida kusa da haramci, ba kusa da dokar mako 15 ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na zubar da ciki a ƙasar ana yin sa ne kafin a wuce mako 13, abin da ake yi daga mako 21 zuwa sama kuwa wajen kashi 1 ne.

Ta yaya haramcin ya fara aiki cikin 'yan kwanaki bayan hukuncin?

An riga an shirya. Jihohi 13 sun rubuta dokoki sun ajiye, da sharaɗin su fara aiki da zarar an soke Roe. Wasu nan take, wasu bayan kwana 30, wasu sai babban lauyan jiha ko gwamna ya sa hannu a takardar shaida.

Akwai kuma tsofaffin dokokin da ba a taɓa gogewa daga littafi ba: ta Wisconsin ta 1849, ta Michigan ta 1931, da ta Arizona ta 1864, wadda aka yi tun yankin bai zama jiha ba. A Afrilun 2024 Kotun Ƙolin Arizona ta ce dokar 1864 na nan da ranta. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa majalisar jihar, mai rinjayen 'yan Republican, ta soke ta cikin 'yan makonni.

Texas ma ba ta jira Dobbs ba. Dokarta ta SB 8, da ta fara aiki 1 ga Satumba 2021, ta cire hannun hukuma daga aiwatarwa, ta ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya yi ko ya taimaka aka zubar da ciki bayan kusan mako shida, ya karɓi aƙalla dala 10,000 in ya yi nasara. Dabarar ita ce babu jami'in gwamnatin da za a maka a kotu don a dakatar da dokar, kuma ta ci.

Ra'ayin jama'a ya canza ne cikin shekarun nan?

In aka ɗauki ƙasar a dunƙule, bai yi wani motsi sosai ba. Cibiyar Pew, mai binciken ra'ayin jama'a, ta sami kashi 60 masu cewa a halatta a duk hali ko a mafi yawan halaye a 1995. Ya sauka zuwa 47 a 2009, ya sake hawa, ya kai 63 a 2024.

Abin da ya canza shi ne inda mutanen suke. Binciken Pew na 2013 ya kwatanta yankuna: a tsakiyar shekarun 1990, goyon baya a New England, can arewa maso gabas, kashi 70 ne, a jihohin tsakiyar kudu kuwa (Texas, Oklahoma, Arkansas, Louisiana, Mississippi, Alabama, Tennessee, Kentucky) kashi 52. Zuwa 2013 na farko ya hau 75, na biyu ya faɗo 40. Tazarar maki 18 ta koma 35. Mai kallon matsakaicin ƙasa kawai zai ce ba abin da ya faru, alhali yankuna biyu sun ba juna baya.

Addini ya fi komai bayyana wannan rabuwa. Wajen kashi uku cikin huɗu na fararen Kiristoci 'yan bishara, waɗanda suka fi yawa a kudu, suna son a haramta a mafi yawan halaye. Baƙaƙen Furotesta, da su ma a kudun suka fi yawa, wajen bakwai cikin goma na goyon bayan a halatta. 'Yan Katolika, duk da matsayin cocinsu, kusan shida cikin goma ne ke goyon baya. Sai kuma rabuwar birni da ƙauye, wadda ke ratsa kowace jiha: Houston da Dallas sun fi kama da Chicago a wannan batu fiye da ƙauyukan da ke kewaye da su.

A kula da yadda aka yi tambaya. Da Gallup, wata cibiyar jin ra'ayin jama'a, ta tambaya bisa watannin ciki a 2023, kashi 69 suka yarda a wata ukun farko, 37 a na tsakiya, 22 a na ƙarshe. Mutum ɗaya na iya ƙin haramci kuma ya ƙi a bar abin babu iyaka, kuma irinsa ne suka fi yawa. Kowane ɓangare kan ɗauko alƙaluman da suka yi masa daɗi ya ce jama'a na tare da shi.

Dama can Republican ne masu adawa, Democrat masu goyon baya?

A'a. Ronald Reagan, yana gwamnan California, shi ya sa hannu a dokar sassauci ta 1967. New York ta halatta zuwa mako 24 a 1970 a ƙarƙashin gwamna ɗan Republican, Nelson Rockefeller. A binciken Gallup na 1972, 'yan Republican kashi 68 suka ce magana ce tsakanin mace da likitanta, 'yan Democrat kashi 59, domin 'yan Katolika masu yawa a Democrat suke a lokacin. Babban taron cocin Baptis na Kudu ma a 1971 ya nemi a halatta a halin fyaɗe ko barazana ga lafiyar uwa.

Ƙarshen shekarun 1970 ne aka sake lale. Ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya ta Moral Majority, ƙarƙashin Fasto Jerry Falwell, ta bayyana a 1979, Baptis na Kudu suka juya a 1980, jam'iyyar Republican ta rungumi batun a manufofinta, fararen kudu kuma suka yi ta ƙaura zuwa cikinta. Zuwa 2024, a lissafin Pew, kashi 85 na 'yan Democrat na goyon baya, na Republican wajen 41. Wannan kashi 41 shi ne abin da ake yawan mantawa da shi, kuma shi ke bayyana amsar tambaya ta gaba.

Me ya sa jihohin da ke zaɓen Republican suka riƙa kaɗa ƙuri'ar kare damar zubar da ciki?

Kansas ce ta fara ba mutane mamaki. Jihar ba ta zaɓi ɗan Democrat a kujerar shugaban ƙasa ba tun 1964. 'Yan majalisar jihar, masu rinjayen Republican, suka sa ƙuri'ar raba gardama ranar 2 ga Agusta 2022, ranar zaɓen fitar da gwani, lokacin da aka saba 'yan jam'iyyarsu ne suka fi fitowa. Mutum fiye da 900,000 suka fito, kashi 59 suka ƙi a cire kariyar damar zubar da ciki daga kundin tsarin mulkin jihar. A Nuwamba Kentucky ta ƙi irin wannan gyara da kashi 52, Michigan ta rubuta kariya a kundinta da kashi 57. Ohio ta bi sahu a 2023, ita ma da 57.

A 2024 jihohi goma suka yi ƙuri'a, bakwai suka amince. Huɗu daga ciki, Arizona da Missouri da Montana da Nevada, a rana guda suka zaɓi Donald Trump kuma suka kare damar zubar da ciki.

Amma kada a ɗauka guguwar ta share ko'ina. South Dakota ta ƙi da kashi 59. Nebraska ta fuskanci tambayoyi biyu masu karo da juna a takarda ɗaya, ta zaɓi wadda ke hanawa bayan wata ukun farko da kashi 55. Kafin Dobbs kuma Tennessee a 2014, Alabama da West Virginia a 2018, da Louisiana a 2020 duk sun amince a rubuta cewa kundinsu bai ba da wannan 'yanci ba.

Wani tsari ya daɗe yana nan. Masu zaɓen jihohi masu ra'ayin mazan jiya kan amince da magana ta gaba ɗaya, amma in aka kawo musu haramci na zahiri sai su ja baya. South Dakota da kanta ta yi watsi da haramci a 2006 da 2008. Mississippi ta ƙi gyaran da zai ɗauki ƙwan da aka haɗa a matsayin cikakken mutum a 2011, da kashi 58. Kafin 2022 mai kaɗa ƙuri'ar adawa ya san Roe na nan, ƙuri'arsa ba za ta rufe asibiti ba. Bayan 2022 za ta iya.

Yaya ake kai tambaya gaban masu zaɓe, kuma a ina ake tuntuɓe?

Hanya biyu ce. Ko majalisar jiha ta aika da gyara, ko jama'a su tattara sa hannu. Hanya ta biyu ƙasa da jihohi 20 ke da ita ga gyaran kundi, kuma Texas, Georgia, Alabama, Tennessee, Louisiana da Kentucky ba sa ciki. A da Mississippi tana da ita, amma kotun jihar ta rushe ta a 2021, saboda dokar ta ce a tara sa hannu daga mazaɓu biyar na tarayya alhali huɗu suka rage wa jihar. Wannan ne ya sa Kentucky ta ƙi gyaran masu adawa amma haramcinta na nan: jama'a na iya cewa a'a ga abin da majalisa ta kawo, ba su da hanyar kawo nasu.

Inda hanyar take, ana rubuta gyaran, jami'an jiha su amince da take da taƙaitaccen bayanin da zai fito a takardar ƙuri'a, sannan a shiga neman sa hannu. Florida ta buƙaci kusan 892,000, kuma sai sun bazu a rabin mazaɓunta. Ohio fiye da 413,000, daga aƙalla gundumomi 44 cikin 88. Masu shiryawa kan tara fiye da abin da ake nema da nisa, don ana zubar da na wanda bai yi rajista ba, da wanda ya sa hannu sau biyu, da wanda adireshinsa bai dace ba.

Tuntuɓen yakan zo daga ƙaramin abu. A Michigan an miƙa sa hannu fiye da 750,000, hukumar tantancewa ta rabu biyu da biyu kan ƙorafin cewa an matse kalmomi babu isasshiyar tazara a rubutun takardar, sai da Kotun Ƙolin jihar ta ba da umarni. A Arkansas a 2024 sa hannu fiye da 100,000 suka tashi a banza, saboda takardun da suka shafi ma'aikatan da aka biya don tattarawa ba su cika ƙa'ida ba, kotu ta tabbatar da hakan da alƙalai huɗu a kan uku.

Sai mizanin cin nasara. Colorado kashi 55 take nema. Nevada sai an amince sau biyu a zaɓuka biyu a jere, don haka nata sai an maimaita a 2026. Florida kashi 60, tun gyaran 2006: a 2024 kashi 57 suka ce e, fiye da kason da Trump ya samu a jihar, amma gyaran ya faɗi, dokar mako shida ta ci gaba. 'Yan majalisar Ohio sun gwada ɗaga nasu zuwa 60 a zaɓe na musamman a Agustan 2023, wata uku kafin ƙuri'ar zubar da ciki, jama'a suka ƙi.

Cin ƙuri'a ma ba ya kashe magana. Gyaran kundi ba ya goge tsofaffin dokoki da kansa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a kotu. A Missouri, inda aka ci da kashi 52, an yi ta buɗe asibitoci ana rufewa bisa umarnin kotu, kuma a 2025 majalisa ta amince a sake kawo wata tambaya a 2026 don dawo da haramcin.

In mafi rinjaye ba sa son haramci, me ya hana su sauya 'yan majalisa?

Yawancin kujerun majalisun jihohi an shata iyakokinsu yadda jam'iyya ɗaya ke da tabbacin ci. Ɗan majalisa a irin wannan mazaɓa ba babban zaɓe yake tsoro ba, zaɓen fitar da gwani yake tsoro, inda 'yan ƙalilan masu tsananin aƙida ke fitowa. In ya sassauta, daga cikin gida za a kayar da shi. Sanatocin jiha mata uku 'yan Republican a South Carolina da suka tare haramci na kusan kwata-kwata a 2023, dukkansu sun rasa kujerunsu a zaɓen fitar da gwani na 2024.

Ga shi kuma mai zaɓe ba batu ɗaya yake aunawa ba. Akwai tsadar kaya, haraji, baƙin haure, bindiga. Ana ma iya cewa ƙuri'ar raba gardama ta sauƙaƙa wa ɗan Republican mai sassauci: ya kare abin da yake so a layi ɗaya, ya zaɓi jam'iyyarsa a layi na gaba. 'Yan Democrat da suka sa rai batun zai ɗauke su a 2024 sun sha mamaki a nan.

Kotunan jihohi fa?

Nan ne fagen ya koma, domin kowace jiha na da kundinta. Kotun Iowa ta ce akwai 'yancin a 2018, ta janye a 2022 bayan an sauya alƙalai. A South Carolina kotu ta soke dokar mako shida a Janairun 2023 da uku a kan biyu, mace guda da ke cikin alƙalan ta yi ritaya, a Agusta sabuwar doka mai kama da ita ta tsallake da huɗu a kan ɗaya. A Wisconsin, inda jama'a ke zaɓen alƙalai, zaɓen 2023 ya juya rinjayen kotun, kuma a Yulin 2025 ta ce dokar 1849 ba ta aiki.

Ba duk dokokin sun yi togaciya don ceton ran uwa ba?

Sun yi, a rubuce. Matsalar tana wurin aiki. A ce faya ta fashe a mako 18. Ɗan tayin da wuya ya rayu, amma zuciyarsa na bugawa, uwar kuma ba ta fara zazzaɓi ba tukuna. A da likita zai ba ta zaɓin kawo ƙarshen cikin kafin ƙwayoyin cuta su shiga jini. A Texas, in mai gabatar da ƙara ya ga bai kai hali na ceton rai ba, likitan na fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa rai da rai, tarar aƙalla dala 100,000, da ƙwace lasisi. Sai a kira lauyan asibiti, a jira ciwo ya tsananta. Ƙorafin ya yi yawa har majalisar Texas ta yi gyara a 2025 don fayyace cewa ba sai mutuwa ta ƙarato ba. A Idaho likitocin mata da dama sun bar jihar, wani asibiti a garin Sandpoint ya rufe ɗakin haihuwa a 2023.

Togaciyar fyaɗe kuwa yawancin jihohin haramci ba su da ita. Inda take, kamar Idaho da West Virginia, sai an kai rahoto ga hukuma kuma cikin ƙayyadaddun makonni. Hukuncin dokokin a kan likita da mai taimakawa yake, ba a kan matar ba.

Haramcin ya rage yawan zubar da ciki?

A cikin jihohin haramci asibitocin sun rufe, kuma bincike ya nuna haihuwa ta ɗan ƙaru. A ƙasa baki ɗaya adadin bai ragu ba. Cibiyar Guttmacher, mai bincike kan lafiyar haihuwa, ta ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya a 2023, daga wajen 930,000 a 2020. Wajen mutum 170,000 suka tsallaka wata jiha a shekarar, Illinois da New Mexico da Kansas da North Carolina suka ɗauki kaso mai yawa. Wadda ba ta da kuɗin mota da masauki da wanda zai riƙe mata yara ita ce dokar ta fi kamawa.

Kashi 63 na abin da aka yi a 2023 da ƙwayoyi ne, mifepristone da misoprostol. Jihohi irin su Massachusetts da New York da California sun yi dokokin kare likitocinsu da ke duba mace ta intanet su aika mata magani ko da tana jihar haramci. Louisiana ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda ake tsananta sa ido a kansu a 2024, a farkon 2025 kuma ta tuhumi wata likita a New York. Gwamnar New York, Kathy Hochul, ta ƙi miƙa ta.

Wannan rigima na taɓa ƙasashen Afirka?

Dokokin jihohin ba sa taɓawa, amma siyasar da ta haife su na taɓawa ta hanyar kuɗin tallafi. Tun 1973 dokar Helms ta hana amfani da tallafin Amurka wajen zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali a ƙetare. A 1984 Reagan ya ƙara da manufar Mexico City, wadda ke hana ƙungiyoyin ƙasashen waje masu karɓar kuɗin tsarin iyali na Amurka yin aikin, ko ba da shawara a kansa, ko da da kuɗin wani ne. Clinton da Obama da Biden sun soke ta, George W. Bush da Trump suka dawo da ita. A 2017 Trump ya faɗaɗa ta ta shafi kusan duk tallafin lafiya, har da na yaƙi da cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro, a Janairun 2025 kuma ya sake dawo da ita.